Tayar Babur a Lokacin Hunturu: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

A Njamena babur ya zama jakin ɗan kasuwa. Shi ke kai yara makaranta da safe, shi ke ɗauko kaya daga kasuwar Dembe, wani lokaci ya tsallaka gadar Ngeli zuwa Kuseri. Na lura da yawanmu muna kula da man inji da sarƙa, amma taya sai ta fashe ake tunawa da ita. Alhali wurin da ta taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba, kuma a kansa ran mutum da na iyalinsa ya dogara.

A Turai, idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, masu mota kan sa tayoyi masu roba mai laushi saboda ƙanƙara. Mu nan ba mu da wannan. Hunturunmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura yake kawowa, kuma mai yawa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa. Rairayi ya kwanta a gefen kwalta da kan kwana, ka taka birki babur ya zame kamar a kan sabulu. Hanyoyin unguwa kuma, irin na Waliya da ambaliyar 2022 ta shafa, taɓon damina ya bushe ya bar ramuka masu tauri.

To, me nake dubawa idan na je saye?

Na farko, lambar girma da ke jikin taya. Idan ka ga 3.00-17, faɗinta inci 3 ne, kuma ta ƙafa mai inci 17 ce. Ka sayi daidai da wadda kamfani ya sa. Ƙarin faɗi ba ya ƙara riƙo, sai dai ta riƙa gogar sarƙa.

Na biyu, nauyin da za ta iya ɗauka. Rubutu irin 50P yana nufin kilo 190 a kan tayar nan ɗaya. Haɗa nauyinka da na uwargida da buhun gero mai kilo 100, ka ga yawancinsa a kan tayar baya yake. Mai ɗaukar kaya ya nemi mai 6PR, ta fi 4PR juriya.

Na uku, shekarunta. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: 3523 na nufin mako na 35 na 2023. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, balle wadda ta sha rana a ƙofar shago. Ka lanƙwasa gefenta, in ka ga tsage-tsage, ajiye ta. Araha ba ta ado.

Na huɗu, zane. Mai yawan bin kwalta ya ɗauki mai zanen kwalta. Wanda hanyarsa rabi ƙasa ce, mai matsakaitan haƙora ta fi masa, kuma za ta yi amfani idan damina ta dawo. Manyan haƙora irin na daji ba sa riƙe kwalta sosai a kwana.

Saura iska. Da asuba sanyi kan sauka wajen digiri 15, da rana zafi ya haura 30, iskar taya kuma tana raguwa da sanyi, ta ƙaru da zafi. Ka auna da safe kafin ka yi nisa, ka ce wa mai faci ya sa ma'auni, ban da matsawa da yatsa. Sabuwar taya ta tafi da sabon tib, kuma a bi ta a hankali kwanakin farko, don fuskarta tana da santsi.

Uwargida, ke ma kina da ido. Duk ranar da kika ga zanen ya shafe, ki yi wa maigida magana kafin yara su hau. Allah Ya tsare hanya.