CIWON NAMONIYA: MENE NE SHI, KUMA WAI SANYI NE KE KAWO SHI?

Tunda hunturu ya kawo kai, yau darasinmu a kan namoniya ne, wadda wasu ke ce wa limoniya ko sanyin haƙarƙari.

Kalmar daga yaren Girka ta samo asali, daga "pneumon", wato huhu. Turawan Ingila ba sa furta harafin farkon, shi ya sa kunnenmu ya kama "namoniya". Likitocin Larabawa kuwa Zatur Ri'a suke kiranta. Duka sunayen biyu huhu suke nunawa, ba sanyi ba.

A cikin huhu akwai wasu 'yan jakunkuna ƙanana da iska ke shiga. Idan ƙwayar cuta ta kama su, sai su kumbura su cika da ruwa ko mugunya, numfashi ya koma da ƙyar. Ƙwayar da ta fi yin wannan ɓarna ita ce bakteriya mai suna Streptococcus pneumoniae, sai kuma bairos irin na mura. Ta tari da atishawa suke yaɗuwa. To ka ga fanka ko ruwan firij ba su ne asalin ciwon ba. Abin da ke buɗe wa cutar ƙofa shi ne hayaƙin itace da gawayi a rufaffen ɗaki, cunkoso, ƙyanda, tamowa, da rashin ba jariri nono zalla wata 6 na farko.

Ga inda nake so a natsu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, a hadisin Ummu Ƙais bint Mihsan (RA), cewa Manzon Allah (SAW) ya ambaci Ƙusɗul Hindi cikin magungunan Zatul Janbi. Sai wasu suka ɗauka duk ciwon haƙarƙari shi ke nan. Amma Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya raba Zatul Janbi gida biyu: na haƙiƙa, mai kumburi, wanda ke zuwa da zazzaɓi, tari, suka a haƙarƙari da sarƙewar numfashi, da kuma mai kama da shi, wanda iska ce kawai ta taru. Ya ce maganin da ke cikin hadisin na kashi na biyun ne. Saboda haka wanda ya zauna da yaro mai zazzaɓi da haki yana ba shi Ƙusɗu da zuma kaɗai, bai fahimci maganar malaman ba. Zuma ma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba.

Iyaye mata, ku ɗaga rigar yaro yana kwance ba ya kuka, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ɗan ƙasa da wata 2 idan ya kai 60, ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, to asibiti a ranar. Idan kuwa ƙasan ƙirjinsa na lomawa ciki in ya ja numfashi, ko ya kasa kama nono, wallahi ko tsakar dare ne kar a jira gari ya waye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai wannan ciwo ya kashe yara sama da 700,000 'yan ƙasa da shekara 5, alhali ta bakteriya tana jin magani irin su amoxicillin idan likita ya rubuta da wuri. Ana kuma yin rigakafinta a sati 6, 10 da 14 na haihuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. A tura wa sauran 'yan uwa.