Askar Wanzami da Almakashin Ungozoma a Ƙauyukan Hausawan Sudan

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'arsa zuwa gaɓar kogin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar, suka kafa garin Mai Wurno. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, Hausawa suka ƙaru a ƙauyukan yankin. Daga cikin sana'o'in da suka zo da su akwai wanzanci da ungozomanci. Wanzami yana kaciya da ƙaho da cire beli, ungozoma kuwa tana yanke cibiya. Duk waɗannan ayyuka ne da ƙarfe ke haɗuwa da jini.

A nan matsalar take, domin aska tana iya sheƙi alhali tana ɗauke da cuta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B, alal misali, takan yi kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Saboda haka likitoci suka raba aikin mataki uku.

Na farko shi ne wankewa da ruwa da sabulu da buroshi, don jinin da ya daskare yakan kare ƙwayoyin cuta daga zafi. Na biyu shi ne tafasawa na minti 20, a fara ƙirga daga lokacin da ruwan ya tafasa. Tun 1921 makarantar ungozomomi ta Omdurman, wadda Mabel Wolff ta kafa, ta riƙa koya wa ɗalibanta tafasa kayan aiki. Sai dai tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100, kuma wannan zafi ba ya tabbatar da mutuwar ƙwayar sandarewar jiki, wato tetanus, mai kashe jarirai ta hanyar cibiya.

Mataki na uku shi ne turarawa a rufaffiyar tukunya mai matse tururi, inda zafi ke kaiwa digiri 121 na minti 20 zuwa 30. Wannan ne ke kashe kowace irin ƙwaya.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, asibitoci da dama suka tsaya, wutar lantarki ta yanke. A irin wannan hali, tukunyar tururi da ake ɗorawa a kan gawayi tana biyan buƙata. Reza kuwa ba a maimaita ta: kowane yaro da tasa sabuwa.