Ɗan aike ne ya tafi, kai kana nan zaune

Na gaji da ganin layuka biyun nan a aikin masu koyon Python: os.system("cd hotuna"), sai a ƙasansa umarnin goge fayiloli. Mai rubutun ya sakankance ya shiga foldar hotuna, alhali ko motsi bai yi ba.

Kowace manhaja da ke gudana tana da foldar da take zaune ciki, can take neman duk fayil ɗin da ba a ba ta cikakken adireshinsa ba. Idan ta kira umarnin waje, ɗan aike take tasa. Shi ne zai shiga hotuna, ya gama, a sallame shi. Umarni na biyu wani sabon ɗan aike ne, daga inda manhajar take zai fara, kuma fayilolin da ke gabanta zai share. Ka aiki yaro kasuwa, sa'annan ka miƙa hannu daga kan tabarmarka kana neman tumatir?

Ko manya sun yi wannan tuntuɓe. Dennis Ritchie ya ba da labarin yadda umarnin chdir ya daina aiki da suka shigar da fork, wato hanyar tasa ɗan aike, cikin Unix na farko, suka yi ta lalube kafin su gane dalili: ɗan aiken ne kawai ke canza folda. Shi ya sa har yau cd yake cikin shel kansa. A Janairun 2015 kuma aka kai ƙarar Steam na Linux: wurin da ya kamata sunan folda ya zauna ya fito fanko, rm -rf ya faro daga tushe yana cinye fayilolin mai kwamfutar.

Maganin bai kai layi biyu ba, shi ya sa sakacin ke ba ni haushi. Ka faɗa wa ɗan aiken inda zai tsaya tun wajen aikensa: subprocess.run yana karɓar cwd, haka spawn na Node, a Java kuwa ProcessBuilder na da directory(). Ka ba da cikakken adireshi. Ka sa check=True don manhajar ta tsaya idan umarnin ya gaza. In dole sai shel, haɗa cd da umarnin a layi guda da &&, domin idan cd ta faɗi kada na biyun ya gudana.

Akwai os.chdir, amma ita manhajar dungurungum take ɗagawa, har da sassan da ba su san an yi ƙaura ba. Kada kuma ka dogara da inda manhajar za ta faro: Cron, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, daga foldar gidan mai asusun yake tayar da aiki, duk inda ka ajiye manhajarka.