Ƙwanƙwasa Tukunyar Japan

Matar da ta san kasuwa ba ta biyan kuɗin tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta. Idan da tsaga a ciki, ƙarar ce za ta tona asiri. To, haka masana girgizar ƙasa suke yi wa Japan, sai dai su ba sa ɗaga hannu: ƙasar ce ke ƙwanƙwasa kanta dare da rana, su kuwa sun kafa kunnuwa, wato na'urorin Hi-net wajen 800 da aka binne a rijiyoyi bayan girgizar Kobe ta 1995.

Can gabas da Japan, falalen dutsen da ke ƙasan tekun Fasifik yana kutsawa ƙarƙashin ƙasar, kamar ana tura tabarma ƙarƙashin wata. Tafiyar a hankali take, wajen santimita 8 a shekara, amma ta sama tana shan matsa. Ka tuna ɓarar gyaɗa: idan ka danna daidai kan tsagar, sai ta buɗe baki, idan ka matse ta gefe, sai ta ƙara rufewa. Ƙananan tsage-tsagen cikin dutse ma haka suke. Waɗanda suka rage a buɗe duk sai su fuskanci ɓangaren da matsin ke fitowa.

Sai girgiza ta zo wucewa, ta rabu biyu. Ɗauki yara biyu da aka aika da damin kara ta lungu ɗaya. Wannan ya riƙe nasa a miƙe, ya wuce sumul. Wancan, sarkin taurin kai, ya gicciye nasa, yana karo da katanga hagu da dama, ya iso a makare. Haka kashi biyun girgizar suke yi da tsage-tsagen dutse. Tazarar da ke tsakaninsu a ɓawon ƙasa ko ƙiftawar ido ba ta kai ba, amma daga ita ake gane inda tsagar ta dosa.

Kada dai a ɗauki abin kamar duba. Tsohon faso da shimfiɗar dutsen kanta sukan rikita lissafi, kuma awon ba ya faɗin ranar da tukunya za ta fashe.

Ta kuwa fashe ranar 11 ga Maris, 2011. Gaɓar Oshika ta zame gabas fiye da mita 5. Bayan wata guda cif, ƙasa ta tsage a Iwaki, wannan karon ba don matsa ba, don ja.