Ranar da ba a barin kaza cikin gashinta

Da hantsi ake jin kyarkyarar kaza. Ta fito daga akurki ko daga ƙarƙashin rumbu tana shela, zakara na amsa mata daga gindin danga, uwargida kuma ta aiki yaro ya ɗauko ƙwan tun da ɗuminsa. Hankalin kowa na kan ƙwan. Ba kasafai ake samun mai duba inda ya fito ba, alhali kuwa nan ne wurin da kaza mai ƙwai ta fi rauni a duk jikinta.

Duk wanda ya taɓa gyara kaza mai ƙwai ya ga curin gwaiduwa manne da ƙashin bayanta, manya da matsakaita da ƙanana har zuwa waɗanda ido bai cika gani ba. Curi ɗaya ne tak, na hagu. Na dama ba ya girma, sai in cuta ta lalata na hagun, a lokacin ne yakan farka ya juya halittar kazar, tukkunta ya yi girma, wata ma har ta yi cara. Kazar da ake camfawa a ce a gaggauta yanka ta, sau da yawa abin da ya same ta ke nan. A lafiyayyar kaza kuwa, gwaiduwa ɗaya ce ke tsinkowa ta faɗa cikin hanyar ƙwai, wadda tsawonta ya kai santimita 60 zuwa 70. A kan hanya take samun farin ruwanta da 'yar fatarta, sannan ta tsaya kusan awa 20 ana gina mata ɓawo. Aikin gaba ɗaya yakan ci awa 24 zuwa 26. Kowane ɓawo na cin kusan giram 2 na sinadarin kalsiyam, kuma in babu shi a abinci, daga ƙashin kazar ake ciro shi.

Ƙofa ɗaya gare ta, ta nan kashi ke fita, ta nan ƙwai ke fita. Amma ƙwan lafiyayyar kaza yakan fito fes, domin a lokacin naƙuda ƙarshen hanyar ƙwai yakan juyo waje kamar an zaro aljihun riga, ya toshe hanyar kashi, ya ajiye ƙwan, sannan ya koma ciki cikin ɗan lokaci kaɗan. Wato kowace ranar ƙwai sai bayan kaza ya ɗan fito. Ranar da naman ya fito ya kasa komawa, ita ce ranar da masu kiwo ke cewa kaza ta yi fitar baya. Za ka gan ta ta ware gefe, ta saki jela, tana nishi, gashin gindinta ya jiƙe, ga jan nama ya leƙo.

Kazar Hausa ba ta cika gamuwa da wannan ba, kuma dalilin a fili yake. Takan saka ƙwai goma sha wani abu, sai ta kwanta a kai kwana 21, in ƙwan zabi aka sa mata ta ƙara kusan mako guda. Daga nan ta shafe makonni tana jan 'yan tsaki, ido ɗaya a ƙasa ɗaya a sama saboda shirwa. A shekara ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 ba, jikinta na samun hutu tsakanin wannan zubi da wancan. Kajin gidan gona da yanzu suka cika bayan gidaje a Kano da Zariya da Maraɗi, irin su Isa Brown, ko Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar, an zaɓo su ne don kada su yi kwanci. Mai kyau a cikinsu takan doshi ƙwai 300 a shekara, kusan kullum tana naƙuda.

Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, kuma babban ƙwai ya fi ƙarfin sagarar da ƙugunta bai buɗe ba. Ya kamata irin waɗannan kaji su fara ƙwai a wajen mako 18 zuwa 20, bayan jiki ya cika. Abin da ke tayar da ƙwai a jikin kaza tsawon haske ne. A ƙasar Hausa yini bai cika nisa da awa 12 ba, rani da damina, amma mai kiwon da ya ƙosa ya ga kuɗinsa sai ya rataya ƙwan lantarki ko fitilar sola a ɗakin kaji ta kwana a kunne. Sagara ta fara ƙwai ba ta shirya ba, ga shi sabbin farawa su suka fi yin mai gwaiduwa biyu. Yara na murna da ƙaton ƙwan, ni kuwa in na gan shi daga ƙaramar kaza gabana faɗuwa yake. Ƙiba ma tana jawo ciwon, domin kitse na taruwa a ƙugu ya matse hanya, abin da ke samun kazar da ake ɗura wa masara da ragowar tuwo ba ta motsi. Ƙarancin kalsiyam shi ma haka, domin naman da ke turo ƙwai sannan ya koma mazauninsa da shi yake aiki. Sai tsufa, da zawo mai sa yawan yunƙuri.

Mafi yawan kajin da ciwon ya kama, 'yan uwansu ne ke ƙarasa su. Kaza tana ganin launi sarai, kuma ja mai sheƙi na jan bakinta. Ɗaya ta kai sara don ta ga mene ne, jini ya ɓullo, sauran su rufu. Kafin la'asar ana iya tarar da ita a kwance an zaro mata hanji. Bahaushe ya ce kaza mai yawan tono ita ke tono wuƙar yankanta, to a cikin ɗaki mai cunkoso, inda babu ƙasar da za a tona, bakin nan kan 'yar uwa yake komawa. Shi ya sa jini a jikin ɓawo, ko ɗan zane ne, bai kamata a share shi a wuce ba. A nan maganar a bar kaza cikin gashinta ba ta da wuri. A kama su ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga jela, a duba.

In an same ta da wuri, naman yana ja, da danshinsa, bai yage ba, ana iya ceto ta da abin da ke cikin gida. A fara raba ta da sauran. A wanke hannu, a samu ruwan ɗumi wanda bayan hannu zai iya jurewa, a sa ɗan gishiri kaɗan. Mutum ɗaya ya riƙe ta, ya rufe mata kai da ƙyalle, domin kaza in ta daina gani takan natsu. A tsoma bayanta cikin ruwan har busasshen kashi da ɗiyan dusa su jiƙa su saki da kansu, kada a ɓamɓare. Gashin da ya manne a rage shi da almakashi. In naman ya kumbura, a barbaɗa sukari ko a shafa zuma, a jira kamar minti 15. Sukari na tsotse ruwan kumburi, za ka ga naman ya ɗan yamutse. A ɗauraye, a shafa man kaɗanya mai tsabta ko basilin, sannan da yatsa mai yankakken farce a tura shi ciki a hankali, a riƙe na ɗan lokaci har yunƙurin ya lafa. In yatsa ya ji tauri a ciki, ƙwai ne ya maƙale, kuma kada a matse shi, domin fasasshen ɓawo yanka yake. Toka da kananzir da baƙin mai, waɗanda wasu ke shafa wa raunin dabba, ƙona wannan naman suke yi.

Sau da yawa yakan sake fitowa, a sake mayarwa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a dakatar da ƙwan gobe da na jibi. A ajiye ta a wuri mai duhu da iska, haske kada ya wuce awa 8 a yini, a janye abincin masu ƙwai a ba ta tsaki ko gero kaɗan da ganye, ruwa kuwa kada ya yanke. A ajiye mata dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa, ko garin ƙashi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in ji masu iya magana, amma a wannan makon kazar ake nema, ƙwan ya jira. A kiyaye ta daga ƙuda, musamman da damina, domin tsutsa na iya ɓullowa a raunin cikin kwana guda. Inda akwai likitan dabbobi a kusa, yakan yi ɗan ɗinki a bakin duburar ya riƙe naman na 'yan kwanaki, ya kuma ba da magani. In an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba a cin ƙwanta ko namanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

Akwai inda hannu ba ya kaiwa. In naman ya yi baƙi, ko ya yage, ko hanji ya fito, ko an mayar sau da yawa ya ƙi zama, barinta da rai azabtarwa ce. Sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma a irin wannan hali wuƙa mai kaifi, a wasa ta inda kazar ba ta gani, ita ce tausayin da ya rage. Wadda ta warke kuwa a sa mata ido, domin ciwon yakan dawo da zarar ta koma ƙwai. Sauran kajin kuma a rage musu fitilar dare sannu a hankali, a rage cunkoso, a yi musu wurin saka ƙwai mai duhu inda kowace za ta zauna har naman ya koma kafin ta fito cikin 'yan uwanta.