Kafin ka sake wa mota fenti, zuba mata ruwa ka gani

Wata takwas na yi a Kano ina jinyar mahaifiyata, Corolla ɗina kuma tana ajiye ƙarƙashin mangwaro a ƙofar gidanmu a Briqueterie. Da na dawo Yawunde, da ƙyar na gane ta. Jar ƙura, ƙaron bishiya da kashin tsuntsu sun haɗu da rana, baƙin fentinta ya koma toka-toka.

Ga shi jinya ta cinye jari, shagon atamfa ya yi fayau, dole in sayar da ita. Wani dillalin shanu a kasuwar dabbobi ta Etoudi ya zagaya ta sau ɗaya, ya taya ta kuɗin da na ji kunyar faɗa wa uwargida. Sai na yanke shawarar a sake mata fenti.

Wani dattijo mai gyaran jikin mota a nan Etoudi ne ya hana ni. Ya ce, "Alhaji, mai saye in ya ga sabon fenti, hatsari yake zargi. Tsaya tukuna." Ya watsa ruwa a kan bonet, sai ga baƙin ya fito kamar da. Ya ce alama ce saman ne kawai ya mutu. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa, akwai launi, sai shafi mai sheƙi a sama, wanda ake kira vernis a nan, kaurinsa bai kai na takarda ba. Shi rana ke ƙonawa. In ya dushe ne kawai, ana goge shi ya dawo. In kuwa ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji, babu man da zai yi magani sai sabon fenti.

A inuwa suka yi aikin, don ƙarfe mai zafi yana busar da mai kafin ya ci. Suka wanke ta da sabulun mota da bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashi ya koma jiki. Inda kashin tsuntsu ya ci, suka bi shi a hankali da samfefa mai lamba 2000 da ruwa. Daga nan sai man gugar fenti da inji, ɗan wuri bayan ɗan wuri, suna sassautawa a gefuna inda shafin ya fi siriri. Ƙarshe suka shafa kakin mota. Kafin la'asar ina hango hulata a jikin ƙofa.

Dattijon bai bar ni haka ba. Ya nuna min ƙananan zane a rufin, ya ce waɗannan sun girmi tafiyata: aikin garin sabulun wanki ne da busasshen tsumman da yarana ke share ƙura da shi kowace safiya. Sabulun yana wanke kakin, tsumman kuma yana gurza yashi a jiki. Ya kuma gargaɗe ni cewa kowace guga tana rage shafin, don haka a riƙa sabunta kakin bayan 'yan watanni maimakon yawan guga.

Bayan kwana uku na koma wajen dillalin nan. Ya shafa bonet, ya ce, "Alhaji, fenti ka sake?" Na buɗe ƙofa na ce ya gwada launin ciki da na waje. Kuɗin da muka daidaita ya isa na sari atamfar sallah.