Rangadin Mawaƙan Da Ya Haɗa Baƙar Fatar Amurka Da 'Yan'uwansu Na Afirka Ta Kudu

Cikin watan Yuni na shekarar 1890 wata ƙungiyar mawaƙa baƙar fata, maza da mata, ta sauka a birnin Cape Town daga jirgin ruwa. Sunan ƙungiyar Virginia Jubilee Singers, shugabanta kuwa Orpheus McAdoo, wanda aka haifa a 1858, tun bauta ba ta ƙare ba a Amurka, ya kuma yi karatu a makarantar Hampton ta jihar Virginia. Daga wannan shekara zuwa 1898 ƙungiyar ta yi kusan shekara biyar tana zaga Afirka ta Kudu, ta kuwa bar gurbin da har yau ake gani.

Irin wannan rangadi ya samo asali ne daga Jami'ar Fisk ta birnin Nashville, wadda aka kafa a 1866 domin ilmantar da bayin da aka 'yanta. Da kuɗi suka yanke wa makarantar, sai ɗalibai tara suka fita yawon waƙa ran 6 ga Oktoba, 1871, suna rera waƙoƙin ibada da iyayensu suka ƙaga a gonakin bauta. A 1873 suka haye zuwa Ingila, har suka yi waƙa gaban Sarauniya Victoria. Da abin da suka tara aka gina wa jami'ar babban beninta, Jubilee Hall, aka buɗe shi a 1876. McAdoo kansa ya yi aiki cikin wata ƙungiya da ta tsiro daga ta Fisk kafin ya kafa tasa.

Turawa da baƙaƙe duk sun yi tururuwar zuwa sauraron baƙin nan a Afirka ta Kudu, amma abin da baƙaƙen suka gani ya wuce daɗin murya. Sun ga mutane masu launinsu, jikokin bayi, ga ilmi ga sutura, suna tafiyar da harkarsu da kansu. McAdoo kuma yakan ba masu sauraro labarin makarantun baƙar fata na ƙasarsa. Shi ma ya ɗauki nasa darasi, gama ya rubuta wa Hampton wasiƙa yana bayyana yadda ake tilasta wa 'yan ƙasa yawo da takardar izini, ana kuma hana su fita da dare.

Ba a yi shekara guda ba sai ga wata ƙungiya ta 'yan ƙasa ta tashi a Kimberley, garin haƙar lu'ulu'u, ana kiranta African Choir. Galibin 'yan ƙungiyar sun yi karatu a makarantun mishan irin su Lovedale. Cikinsu akwai Paul Xiniwe da matarsa Eleanor, da wata budurwa Charlotte Manye da ƙanwarta Katie, da yara maza biyu. Niyyarsu su yi koyi da 'yan Fisk, wato su tara kuɗin gina makarantar koyon sana'a. A 1891 suka isa Ingila, cikin watan Yuli kuma suka yi waƙa gaban Sarauniya Victoria a gidanta na Osborne. Sukan yi rabin wasa cikin fatu da duwatsun ado, rabi kuma cikin tufafin Turawa, don masu shirya wasan sun san abin da 'yan kallo ke son gani ke nan.

To, amma lalitar ba ta hannun mawaƙan, tana hannun Turawan da suka shirya tafiyar. Aka yi ta saɓani kan kuɗi, rangadi ya ƙare cikin hasara, makaranta kuwa ba a aza ko tubali ɗaya ba. A 1893 aka sake ɗibar waɗansunsu zuwa Kanada da Amurka, can ma tafiya ta watse, aka bar su a jihar Ohio ba guzuri ba kuɗin jirgi.

A nan ne zumuncin da waƙa ta ƙulla ya yi rana. Malaman wata majami'a ta baƙar fata, wadda ake kira AME a taƙaice, suka karɓe su, suka sama wa waɗansu gurbin karatu a Jami'ar Wilberforce. Charlotte Manye ta yi karatu a can, cikin malamanta har da shahararren masanin nan W.E.B. Du Bois, ta zama baƙar mace ta farko daga Afirka ta Kudu da ta sami digiri. Wasiƙun da take aikowa gida su suka haɗa Mangena Mokone, wanda ya kafa majami'a mai zaman kanta a 1892, da shugabannin AME, har ɓangarorin biyu suka haɗe a 1896. Bayan ta koma gida ta yi aure aka san ta da Charlotte Maxeke, ta shugabanci ƙungiyar mata mai yaƙi da dokar takardar izini, ta rasu a 1939. A 2008 aka sa wa babban asibitin Johannesburg sunanta.

Ita waƙar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Masana tarihin kiɗa sun nuna cewa salon haɗa murya na su McAdoo yana cikin abubuwan da Zulu 'yan ci-rani suka gauraya da waƙoƙin bikinsu, har aka sami salon nan na maza zalla, ba ganga ba molo, wanda ake kira isicathamiya. A 1939 Solomon Linda da ƙungiyarsa suka ɗauki waƙar Mbube a faifai. Karin waƙar ya ƙetare teku zuwa Amurka, aka sake masa riga, ya jawo dukiya mai yawa, alhali Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 magadansa suka sami sulhu kan haƙƙinsa. A 1986 kuma ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo, mai bin wannan salo, ta yi suna a duniya bayan ta yi aiki da Paul Simon.

Mai karatu zai lura da cewa duk mawaƙan nan sun burge masu sauraronsu. Inda suka bambanta shi ne wajen kuɗi. Na 'yan Fisk ya shiga asusun makarantarsu, McAdoo shi ne mai ƙungiyarsa, amma African Choir da Linda wasu ne suka riƙe musu lissafi. Saboda haka duk ƙungiyar mawaƙanmu da aka gayyata ƙasar waje, ya kamata ta ga yarjejeniya a rubuce da tikitin komowa kafin ta tashi, ta kuma san wanda zai riƙe kuɗin da wanda zai mallaki abin da aka ɗauka.